Me zan faɗa a kan Mama ranar tunawa da ita?

Anti, barka da aiki. Wata goma ke nan da rasuwar mahaifiyarmu. Nan da wata biyu za a yi sujadar tunawa da ita, kuma 'yan'uwana sun ɗora mini karanta tarihin rayuwarta, tunda ni ce babba a mata. Minti goma aka ba ni. Mama mai ibada ce ta gaske. Ba ta fashin sujada, ta koyar a makarantar Lahadi, jikokinta duk a bakinta suka koyi addu'a. Ta kuma yi sama da shekara 30 tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Yayanmu ya ce layi ɗaya ya isa a kan aikin, tunda a gaban Allah za mu tsaya, bangaskiyarta ce abin faɗa. Ni kuma da na zauna sai na ga ban ma san abin da take yi a wurin aikin ba. Abin da na riƙe kawai shi ne warin maganin wanke hannu a jikinta, da kiran dare, da Kirsimeti biyu da ta yi a asibiti ta bar mu. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Da nake kwashe kayanta na tarar da ambulan cike da takardun gwajin ƙodarta, tun shekara huɗu kafin ta gaya mana ba ta da lafiya. Ta jera su bi da bi, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambobin. Ashe ta sani. Tun ranar nake jin haushinta, ina kuma jin kunyar wannan haushin. In na ɗauki biro sai hannuna ya ƙi. Ga 'yata mai shekara bakwai kullum tana tambaya ina Kaka. Ki ba ni shawara.

Babbar 'yar marigayiya

'Yata, sannu da wannan babban rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke da 'yan'uwanki, ya riƙe ku da hannunsa. Da ambulan ɗin zan fara, domin shi ne ya riƙe miki hannu. Muddin ke kaɗai kike ɗauke da wannan magana, tarihin nan ba zai rubutu ba.

Bari in gaya miki abin da Mama take gani a takardun nan. Ƙoda gaɓa ce mai ɓoye ciwo. Tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum yana ta harkokinsa ba ya jin komai. Lamba ce ke tona asirinta. Ana auna wani datti da tsoka ke zubarwa cikin jini, wanda ake kira kiriyatinin, daga nan a lissafa yadda ƙodar ke tacewa. Mai lafiya yakan kai 90 ko sama. In lambar ta zauna ƙasa da 60 har wata uku, an samu ciwon ƙoda mai daɗewa. In ta gangaro ƙasa da 15, an shiga zancen wankin ƙoda ko dashe. Ni da ke in aka miƙo mana takardar, sai mun nemi mai yi mana bayani. Mama kuwa kallo ɗaya ya ishe ta. Ta san matakin da take, ta san saurin da abin ke gangarowa, domin ta sha ganin irin wannan jeri a takardun wasu, ta kuma san inda yake ƙarewa. Shekara huɗu tana ɗauke da wannan sanin tana goya jikoki.

Me ya sa ta yi shiru? Ki tuna shekara 30 aikinta yana horar da bakinta. Ma'aikacin ɗakin gwaji shi ne na farko da ke sanin mummunan labari, kafin likita, kafin mai ciwon kansa. Yakan fito ya tarar da mai jinin zaune a benci yana jira, wataƙila maƙwabci ne, wataƙila layi ɗaya suke zama a majami'a, ya gaishe shi ya wuce, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Faɗar sakamako aikin likita ne, sirrin kuma na mai ciwo ne. Wadda ta yi rabin rayuwarta a haka, in abin ya zo kanta, hanyar da ta saba za ta bi: ta rubuta kwanan wata, ta ja layi, ta adana, ta jira gwaji na gaba.

Ban ce ta yi daidai ba. A ganina ta yi kuskure, kuma ba zan ɓoye miki ba don ta rasu. Kuna da hakkin sani. Da kun sani da kun raka ta ganin likita, da kun rage mata ɗawainiya, da kin yi mata tambayoyin da yanzu kike nema wa amsa. Iyaye mata da yawa suna ɗauka ɓoye ciwo tausayi ne ga 'ya'ya, alhali nauyin yana nan yana jira, daga baya ya faɗo musu gaba ɗaya. Haushinki yana da tushe. Sai dai ki lura da abu ɗaya. Mace ce da ta san yadda ake hallaka takardar sirri, ta yi ta yi a wurin aiki, amma waɗannan ta bar su a jere, a inda hannun 'yarta zai kai.

Kunyar da kike ji kuwa, ki sauke ta. A Yohanna sura 11, da Yesu ya iso Betanya Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, kalmar farko da Marta ta tare shi da ita ƙorafi ce: da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Maryamu ta zo ta maimaita masa ita. Bai tsawata wa ko ɗaya ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya yi kuka. In har Ubangiji ya karɓi ƙorafin mai makoki a kansa, haushin da 'ya ke ji na uwarta ba zai fi ƙarfinsa ba. Ki kai masa shi yadda yake, ba sai kin wanke shi ba. Bulus ma da ya rubuta wa Tasalonikawa bai hana su baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi irin na marasa bege.

Ambulan ɗin ba na ranar sujada ba ne, kada ki ambace shi a gaban jama'a. Amma kafin ranar ki tara 'yan'uwanki, ku kaɗai, ki ajiye shi a gabansu. Su ma uwarsu ce. Wani zai yi kuka, wani zai yi fushi, wataƙila ma ki tarar akwai wanda ya daɗe yana zargin haka. Akwai kuma dalili na biyu da Mama da kanta za ta fi kowa matsa muku a kai. Ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, dukansu kuma suna bin jini. Akwai ma wani ciwon ƙoda na gado, mai sa ƙuraje masu ruwa a cikinta, wanda in uwa ko uba na da shi, kowane ɗa damar gadonsa rabi da rabi ce. Ku kai takardun wurin likita ya duba ya gaya muku musabbabin nata ciwon, sa'an nan kowannenku ya auna hawan jini da suga, a duba kiriyatinin, a duba furotin a fitsari. Gwaji ne mai sauƙi. Shekara huɗu na lambobi a jere ba ƙaramin taimako ba ne ga likitan da zai duba ku.

Yanzu maganar yayanku. Zuciyarsa mai kyau ce, yana so a ɗaukaka Allah, ba ya so sujada ta koma karanta takardar neman aiki. A nan na yarda da shi. Inda muka rabu shi ne ya ɗauka Mama ta yi rayuwa biyu, ɗaya ta majami'a ɗaya ta asibiti, har za a zaɓi wadda za a faɗa. Ki buɗe masa Ayyukan Manzanni sura 9. Da Tabita, wadda ake kira Dokas, ta rasu a Yafa, aka kira Bitrus ya hau bene. Gwauraye suka kewaye shi suna kuka, kuma abin da suka nuna masa riguna ne da tufafin da ta ɗinka tana da rai. Da aikin hannunta suka ba da shaidar bangaskiyarta. Wahalar taku ita ce aikin Mama ba ya ɗaukuwa a hannu a nuna. Waɗanda ta yi wa ba su san fuskarta ba, ita kuma ba ta da izinin faɗar sunayensu. In ke ba ki faɗa ba a ranar, babu mai faɗa.

Tunda kin ce ba ki san abin da take yi ba, zo in kai ki bakin teburinta. A ce an kawo yaro jikinsa zafi rau, ana zargin zazzaɓin cizon sauro. Za a tsaga yatsa a ɗauki ɗigon jini, a shafa a kan ɗan gilashi, a bari ya bushe, a rina shi da rinin da Gustav Giemsa ya haɗa a 1904, wanda har yau da shi ake aiki. A ɗiga mai a kai, a sa ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu sau 1,000. Abin da ake nema ɗan zobe ne shuɗi mai jan ɗigo a gefe, ƙwayar cutar da wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya fara gani a jinin mara lafiya a Aljeriya a 1880. In an gan shi, magana ta ƙare. In ba a gan shi ba, nan aikin yake. Ƙa'ida ita ce ba a rubuta "ba a gani ba" sai an bi aƙalla gurbi 100 a kan gilashin nan, ɗaya bayan ɗaya, wuya a sunkuye, ido yana yaji. Haka ma kakin mai tari, inda ake neman 'yan sanduna jajaye a kan shuɗi, ƙwayar tarin fuka da Robert Koch ya bayyana a 1882.

Ki tsaya a kan gurbi 100 ɗin nan, 'yata. Ƙarfe biyun dare ne, gilasai ashirin na jira, babu kowa a ɗakin. In ta duba goma ta rubuta "ba a gani ba", wa zai sani? Likita zai karɓi takardar ya gaskata. Uwar yaron za ta tafi gida. Babu shugaban da zai zo ya ƙirga. Abin da ke sa mutum ya cika ɗarin nan shi ne sanin akwai Mai gani. Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, ma'auni na gaskiya kuwa abin murnarsa ne. Mukan ɗauka ayar ta 'yan kasuwa ce. Mama ma'auni take riƙe da shi kullum, sai dai abin da take aunawa jinin mutane ne. Duk ranar da aka zo ana roƙonta ta canja sakamako ta ƙi, duk ranar da na'ura ta ba da lambar da hankalinta bai kwanta da ita ba ta sake gwajin daga farko, addu'ar da ta yi da asuba ce ta biyo ta wurin aiki. Wannan ne nake so yayanku ya gani.

Aikin kuma yana da haɗari, ko da ba ta taɓa gaya muku ba. Warin da kika riƙe a hanci, warin kariya ne, tana wanke hannu ne don kada ta kawo muku abin da ta taɓa. Tsofaffin ma'aikata da baki suke zuƙo jini da sauran ruwan jiki cikin siririn bututun gilashi, kafin a hana. Kwalbar kakin mai tarin fuka hannunsu ke buɗe ta. Allura tana soke su. Gwajin cutar ƙanjamau ya fara samuwa a 1985, magungunan da ke riƙe cutar sosai kuwa sai wajen 1996, kuma sun daɗe kafin su kai ga talakawan duniya. Wadda ta kai shekarun Mama a wannan aiki ta ratsa zamanin da rubuta kalma ɗaya a takarda kamar sa hannu ne a kan hukuncin mutum. Ta rubuta, ta wanke hannu, ta dawo gida ta duba muku aikin makaranta.

Kiran dare da Kirsimeti biyun nan, zan ba ki labarinsu daga ɗaya gefen tagar, domin na taɓa tsayawa a can. Shekarun baya ɗana ya kwanta, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, likita ya ce sai an ƙara masa a daren. An samu jinin, yana cikin firji, ina ganinsa ta taga. Matar da aka taso daga gida ta iso, ta ɗora farar riga a kan kayan barcinta, ta karɓi kwalbar jinin ɗana ta juya mini baya. Minti goma, minti ashirin. Na buga taga, na ɗaga murya, na faɗa mata maganar da bai kamata ba. Ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, in na yi gaggawa zan iya kashe miki shi. Ki ba ni lokaci." Ta koma.

Daga baya na fahimci abin da take yi. Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma in aka haɗa waɗanda ba sa jituwa sai su dunƙule. Sanin rukunin ma bai wadatar ba. Sai an ɗebi jajayen ƙwayoyin jinin da za a bayar an gauraya da ruwan jinin mara lafiya, a ɗumama su a zafin jiki, digiri 37, a jira, a duba ko sun yi gudaji. Jiran nan ba a gajarta shi. In aka ɗura wa mutum jinin da bai dace ba, ƙwayoyin sukan farfashe a jijiyoyinsa, ƙoda ta tsaya, rai ya iya salwanta. Ɗana ya tashi. Na gode wa likita, na gode wa nas-nas, ranar sallama na wuce ta gaban tagar nan ban tsaya ba. Har yau ban san sunan matar ba, kuma tabbas ita ma ta baro 'ya'ya a gida suna barci. Da na karanta wasiƙarki ita ta fara faɗo mini. Rashin uwa ranar Kirsimeti ciwo ne na gaske ga yaro, ba na raina shi. Amma a waɗannan ranaku biyu akwai matar da ke tsaye a bakin taga kamar yadda na tsaya.

To, ki tashi ki nemo Mamar da ba ki sani ba, wata biyu sun isa. Ki nemi abokan aikinta biyu ko uku, musamman wadda suka fi daɗewa tare da wanda ya koyi aiki a hannunta. Kada ki tambaye su wace irin mace ce, za su ce miki mutuniyar kirki ce, ki dawo hannu rabbana. Ki tambayi abin da ke da amsa. Me take fara yi in ta shigo da safe? Me ke sa ta faɗa? Wace magana take yawan maimaita wa ɗalibai? Akwai daren da ba za su manta ba? Ta taɓa yin kuskure, yaya ta yi da shi? Ki nemi izini ki ɗauki muryarsu a waya, ki bar su su yi ta zuba, ko sun kauce kada ki katse su. Haka za ki yi da matan zumunta da waɗanda ta koyar a makarantar Lahadi. Ina kyautata zaton za ki ji hali ɗaya yana fitowa daga bakin mutanen da ba su san juna ba. Ki kuma yi sauri, domin sa'o'in Mama su ma shekaru sun ja.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai. In labari ya zo da sunan mara lafiya, ko da alamar da za a gane shi, ki bar shi a inda kika ji shi. In kuma kin tarar da wani littafi a kayanta mai sunayen mutane da sakamakonsu, ki mayar wa asibitin ko ki ƙona. Amanar da ta riƙe shekara 30 kada ta zube a ranar da ake girmama ta.

Minti goma ba su da yawa, shafi biyu ne zuwa uku in ana karantawa a natse. Ranar haihuwa, makarantun da ta yi, muƙaman da ta riƙe, yawan 'ya'ya da jikoki, duk a buga su a takardar shirin sujada, kowa ya karanta da kansa. Ke ki kawo abin da takarda ba za ta iya ba. Ki zaɓi lokuta uku da za a gan ta a cikinsu: ɗaya a gida, ɗaya a bakin madubinta, ɗaya a cikin ikilisiya. Ki faɗe su da ƙananan abubuwansu. In kin ce Mama mai addu'a ce, kowa zai gyaɗa kai ya manta. In kin faɗi ƙarfe nawa take tashi, a wace kujera take durƙusawa, yadda take jero sunayen jikoki ba ta tsallake ko ɗaya, da wanda take daɗewa a kansa, za ki ga mutane suna share ido. Ki nuna wa yayanku rubutun tun da wuri. Ki ce masa ba ki rage komai daga bangaskiyarta ba, kin bi ta ne har inda take zuwa ranar Litinin. Zai fi kyau ma ki roƙe shi ya karanta ayar ma'aunin kafin ki tashi.

Kada ki mai da ita mala'ika. Mutanen da ke zaune sun san ta, in tana da zafi sun sani, in ba ta iya neman taimako ba sun sani. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dauda ba, bai ɓoye musun Bitrus ba, ba mu kuma fasa ƙaunarsu ba. Jimla ɗaya ta gaskiya ta isa. Kina iya cewa Mama ta iya ɗaukar nauyin kowa, amma ba ta iya barin a ɗauki nata ba, kuma mun so a ce ta bar mu. 'Yan'uwanki za su san abin da kike nufi, jama'a kuma za su ji mace ce ta gaske ake magana a kanta. Kirsimetin ma ki faɗe shi, yadda kika ji kina yarinya da abin da kika sani yanzu.

Ki karanta rubutun da ƙarfi a ɗaki sau uku ko huɗu kafin ranar, ki gane wuraren da murya ke sarƙewa, ki sa musu alama. Ki buga shi da manyan haruffa. Ki sa ƙanwarki ko wata aminiya ta tsaya kusa da ke riƙe da kwafi, in kin kasa ta ɗora daga inda kika tsaya. In kuka ya zo ki yi shiru ki numfasa, za a jira ki.

Sai 'yar jikar. Yaro mai shekara bakwai yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. In an ce Kaka ta yi tafiya, za ta zauna jiran dawowarta. In an ce ta yi barci, tana iya jin tsoron kwanciya. Ki gaya mata a fili cewa Kaka ta mutu, jikinta ya daina aiki domin ƙodarta ta yi ciwo sosai, ba laifin kowa ba ne, ba za ta dawo gidan nan ba, tana wurin Yesu, kuma muna da begen sake ganinta. Za ta sake tambaya gobe da jibi, ki sake ba ta amsar nan ba tare da gajiya ba, haka yara suke haɗiye babban abu, kaɗan-kaɗan. In ta ga kina kuka kada ki ɓoye, ki ce kewar Kaka nake yi.

Da Bulus ya so ƙarfafa Timoti, a wasiƙarsa ta biyu, sai ya tuna masa da bangaskiyar da ta fara zama a kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. A gidanku ke ce ta tsakiya yanzu. Abin da yarinyar nan za ta sani game da kakarta in ta kai shekara ashirin, yawancinsa daga bakinki zai fito, domin abin da ta riƙe da kanta zai dusashe. Muryoyin da za ki ɗauka a waya ki adana mata su a wuri fiye da ɗaya. Littafi Mai Tsarki na Mama, in tana ja masa layi yadda take ja wa lambobi, ki zauna da yarinyar ku bi ayoyin da ta ja wa layi, ɗaya kowane dare. Ki roƙi ɗaya daga abokan aikin Mama ya nuna mata ɗigon jini a ƙarƙashin madubi, ta ga jajayen ƙwayoyin da idonta, a ce mata abin da Kaka take kallo ke nan kullum.

In farar rigar aikinta tana cikin kayan da kika kwashe, ki wanke ta ki goge. Ranar sujadar, kafin ki fara karatu, ki bar yarinyar ta kawo ta gaba tare da Littafin, ta ajiye su a kan tebur inda kowa zai gani. Ki naɗe mata rigar sosai tun daga gida, don kada hannun rigar ya ja ƙasa.